Wa Ya Koya wa Lakcara Koyarwa?

Kafin a bar mutum ya tsaya gaban 'yan aji uku na firamare a ƙasar nan, tsarin ilimi na ƙasa ya ce sai ya mallaki takardar NCE. Shekara uku zai yi a kwaleji irin ta Azare ko ta Gombe yana koyon aikin, har a tura shi wata makaranta ya yi watanni yana gwajin koyarwa, malamansa na bin sa da takarda suna ba shi maki. Wanda kuwa zai tsaya gaban ɗalibai 400 a babban ɗakin lakca na jami'a, babu mai tambayarsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sakamakon digirinsa ya yi kyau, ya gama hidimar ƙasa, an ɗauke shi, shi ke nan. In ba a tsangayar ilimi ya yi karatu ba, yana iya kaiwa farfesa ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake tsara darasi, ko fitar da tambayar jarrabawa, ko makin takarda ba.

Amma ga shi yana koyarwa, yana fitar da tambayoyi, yana makin. To a ina ya koya? Wani abin daga yadda aka koyar da shi ne, mai kyau da marar kyau duka ya kwaso. Sauran kuma daga wanda Allah ya haɗa su ofis ɗaya, ko dattijon da ya ja shi a jiki a sashe. Ke nan renon ƙananan malamai kullum ana yin sa, ko an tsara ko ba a tsara ba. Magana ita ce a hannun wa yaron ya faɗa, kuma me ake nuna masa. Ni dai a ganina, mafi yawan renon da ake yi a jami'o'inmu na neman ƙarin girma ne, kaɗan ne ya shafi aji, kuma a kan ɗalibi abin yake ƙarewa.

A Bauchi da Gombe al'amarin yana da tarihinsa. An buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauchi a 1980, aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Balewa. Har aka cire Gombe daga Bauchi a 1996, ita kaɗai ce jami'a a yankin. Sai Jami'ar Jihar Gombe a 2004, sai ta Gadau wadda yanzu ake kira Sa'adu Zungur, da ta tarayya da ke Kashere, duka a wajajen 2011, sai ta kimiyyar lafiya a Azare a 2021. Alheri ne, babu ja. Yaron Dukku ko Katagum da a da sai ya tafi Zariya ko Maiduguri, yanzu karatu ya zo masa har ƙofa. Sai dai gini da malami ba tare suke girma ba. Da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ana iya tayar da ɗakin lakca cikin shekara biyu. Malami kuwa, daga mataimakin lakcara zuwa farfesa hawa biyar ne, kowanne a ƙalla shekara uku, ga digirin digirgir a tsakani, saboda haka da wuya tafiyar ta gaza shekara 15.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana son a kowane sashe a samu kashi 20 cikin 100 na malamai a matakin farfesa da mataimakinsa, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 na ƙasa da su. Hikimar wannan rabo ita ce kowane ƙaramin malami ya waiga ya ga babba a kusa. Amma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 don duba buƙatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ɗan Bauchi, ya tarar da malamai 37,504, waɗanda ke da digirin digirgir a cikinsu ba su kai rabi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba cikakkun ma'aikatan inda suke koyarwa ba ne. Daga wancan lokacin zuwa yau yawan jami'o'in ƙasar ya haura 270. Sababbin jami'o'i a ko'ina da malaman aro suke cike gurbin manya. Farfesa ya taso daga wata jami'ar ranar Alhamis, ya kwashe Juma'a da Asabar yana zuba karatun makonni, ya kama hanya. A takardar da za a nuna wa masu tantancewa akwai farfesa a sashen. Amma ranar Talata da hantsi, lokacin da ƙaramin malami ya rasa yadda zai yi da ɗalibin da ya ce an ɓatar masa da takardar gwaji, ofishin a kulle yake.

Mai karatu na iya cewa, to me ya haɗa wannan da cin jarrabawar ɗana? Sai mun shiga inda aikin yake.

Ɗauki fitar da tambayoyi. A ƙa'ida, kafin jarrabawa malaman sashe kan zauna a duba tambayoyin kowa. A wasu sassan mintoci kaɗan ne, a sa hannu a tashi. A wasu kuma nan ne makarantar gaske. Na ga dattijo ya karɓi takardar wani sabon malami, ya gyara tabarau, ya yi shiru yana bi da jan biro. Tambayoyi shida ne, biyar daga ciki duk “lissafo” da “kawo ma'anar” ne, ta shidan kuma ko ɗalibin digiri na biyu sai ya yi gumi. Bai ce masa ba daidai ba ne. Cewa ya yi, “Malam, wannan ta biyun, me kake son yaron ya nuna maka ya iya?”

“Ranka ya daɗe, ina son in ga ya karanta ne.”

“To wanda ya haddace daren jiya da wanda ya fahimta tun farkon zango, ta ina za ka bambanta su?”

Suka zauna suka mayar da tambayar wadda sai ɗalibi ya ɗauki ƙa'idar ya warware wata matsala da ita. Suka ƙirga mintocin da kowace tambaya za ta ci, suka rubuta yadda za a raba makin, layi bayan layi. Bai fi rabin awa ba. Amma wannan malamin zai shekara talatin yana fitar da tambayoyi, dubban yara za su bi ta hannunsa, kuma yadda malami ke tambaya haka ɗalibai ke karatu. In hadda ake tambaya, hadda za su kawo, su zubar da ita a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Sabon malamin da ba a ja shi a jiki ba, yawanci ɗayan hanya biyu yake bi. Ko dai ya zama dodo, saboda tsoron raini, tunda wasu ɗaliban sa'o'insa ne, wasu ma sun girme shi. Shi ne mai cewa A ta Allah ce, B tasa ce, mai taƙama da yawan waɗanda suka faɗi. Ko kuma ya zama mai neman a so shi, ya riƙa faɗa wa yara inda tambaya za ta fito, kowa ya ci, a yi ta yabonsa. Na farkon kowa ya san ɓarnarsa. Na biyun ne ya fi wuyar ganewa, kuma akwai wani bincike da ya fito da shi fili. Scott Carrell da James West sun bi sakamakon ɗalibai sama da 10,000 a kwalejin sojan sama ta Amurka, suka wallafa abin da suka gano a 2010. A can ba ɗalibi ke zaɓar malami ba, rabawa ake yi kamar ƙuri'a, kuma jarrabawa ɗaya kowa ke yi. Ɗaliban malamai masu ƙarancin gogewa sun fi cin maki a kwas ɗin lissafi na farko, sun kuma fi yabon malamansu. Da aka je kwasa-kwasan gaba da aka gina a kan na farkon, sai ɗaliban gogaggun malamai suka wuce su. Abin da gogaggen ya sani shi ne inda za a buƙaci karatun nan gaba, don haka yana ɓata lokaci a kan tushe. Wannan sani ba ya cikin littafi. Ko dai mutum ya tara shi cikin shekaru goma yana gwaji a kan 'ya'yan mutane, ko wani ya faɗa masa a shekarar farko. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa.

Akwai kuma aikin da ba a ɗauke shi koyarwa ba, alhali ya fi lakca saurin kayar da ɗalibi. Kula da rajistar aji, tattara makin gwaji 30 ko 40 ɗin nan, haɗa sakamako, lissafin matsakaicin maki: kusan ko'ina ƙananan malamai ake jibga wa, don manya sun gaji da shi. Yaron da aka ɗauka bara aka ce shi ne mai kula da 'yan aji ɗaya, ba a ba shi komai ba sai tarin fom. Ya sa wa ɗaliba hannu ba ta yi rajistar wani kwas na dole ba, babu wanda ya lura sai a shekarar ƙarshe wajen tantance masu fita. Shekara guda ta tafi. Ga wanda mahaifinsa ya sayar da wake ko masara ya biya masa, ko wanda ya ci bashin karatu na gwamnati, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024, shekara guda ba wasa ba ce. Ga yarinyar da aka sa wa ranar aure bisa lissafin gama karatu, wataƙila ƙarshen karatun ke nan. Da wanda ya riƙe aikin kafin shi ya zauna da shi yini ɗaya, da ba a zo nan ba.

Sai cikin ajin kansa. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan koyar da kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda malami ke zuba lakca zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai su yi aiki a cikin aji, su warware tambaya, su yi muhawara, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. Wani zai ce ai can Turai da Amurka ne, mu nan aji ya cika har taga, babu wuta, ga zafin watan Afrilu. Gaskiya ne. Amma akwai malamai a nan da suka daɗe suna yi da abin da ke hannunsu. Mutum ya yi bayani na minti ashirin ya tsaya, ya rubuta tambaya ɗaya a allo, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi su sasanta amsa, sannan ya ɗaga mutum uku daga can baya. Ya san lokacin da Turanci ya tsaya wa yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, ya jefa jimla ɗaya da Hausa ta buɗe musu, ya kuma maimaita da Turanci nan take, don ya san a ajin akwai Batangale da Basayi da Bafulatani da ɗan kudu, ba kowa ne Hausar ta zauna wa ba. Irin wannan dabara ba ta yaɗuwa ta taron bita. Mun sha zuwa bita a otal, a raba jaka da biro, a ci shinkafa, ranar Litinin kowa ya koma kan tsohon littafinsa mai launin ƙasa. Tana yaɗuwa ne idan ƙarami ya zauna a bayan ajin babba ya gani da idonsa, babban ma ya zo ya zauna a bayan nasa. Tsarin makarantar allo ke nan, inda gardi ke ɗora wa ƙolo karatu alaramma na gefe yana ji, da ya ji an karkace ya gyara daga inda yake zaune.

Abin mamaki, a cikin jami'ar ma akwai masu yin haka, wato likitoci. A asibitin koyarwa na Bauchi da na tarayya da ke Gombe, kamar sauran asibitocin koyarwa, likita mai neman ƙwarewa shekaru yake yi yana bin babban likita zagayen marasa lafiya, yana gabatar da bayani ana yi masa tambayoyi, ana kallon hannunsa kafin a sakar masa aiki. Babu mai ganin wannan raini ne, domin kuskuren likita nan take ake ganinsa. Na malami kuwa sai bayan shekaru, ranar da aka ba mai digiri takarda ya rubuta wasiƙa ya kasa.

To amma kada a ɗauka duk jan ƙarami a jiki alheri ne. Akwai renon da barantaka ce. Ƙaramin malami ya koyar da kwas ɗin maigida, ya yi masa makin takardu ɗaruruwa, ya rubuta maƙala ya sa sunan maigida a gaba, wani lokaci har kai yara makaranta. Ba shi da bakin magana, don maigidan ne ke duba kundin digirinsa na uku, shi ne kuma zai zauna a kwamitin ƙarin girma. Wanda aka rena haka, makin da zai yi wa ɗalibai na gajiya da haushi ne. In kuma maigidan mai sayar da handawut ne, ko mai karɓar na goro, ko mai kiran 'yan mata ofis, to barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Munanan ɗabi'un jami'a ma ta hanyar reno suke wucewa daga tsara zuwa tsara.

Sannan renon da aka bar wa sa'a, zaɓe yake yi. Dattijo ya fi jan ɗan garinsu, ko wanda suke salla masallaci ɗaya, ko suke zuwa coci ɗaya. Ba lallai da mugun nufi ba, sabo ne. Waɗanda suka fi shan wahala a nan mata ne. Rahoton 2012 ɗin nan ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na malaman maza ne. Ainihin bayanan aiki, wace mujalla ake karɓa, yaushe za a buɗe neman tallafin bincike, yaya ake bi da ɗalibi mai taurin kai, a majalisar bayan la'asar ake yin su, ko a cikin mota a hanyar ɗaurin aure. Matashiyar malama mai aure ba za ta zauna a nan ba, ba kuma za ta daɗe a ofishin namiji ba tare da an yi magana ba. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka ta fara wani shiri a 2004 na haɗa ƙananan malamai mata da manya. Masu nema sun fi gurbi yawa, sai aka zaɓa da ƙuri'a, wanda ya ba da damar kwatantawa. Bayan 'yan shekaru, waɗanda suka shiga sun fi sauran wallafa maƙalu da samun tallafin bincike. Ci gaban malaman aka auna a can. A nan kuwa akwai ƙarin dalili: ɗaliba 'yar Misau ko Bajoga da ke da matsalar da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, malama take nema, kuma sai malamar ta daɗe a aikin ta yi ƙarfi kafin ta iya tsaya mata.

Me ya hana a gyara? Ma'aunin ƙarin girma. Maƙalu ake ƙirgawa, da digiri, da shekaru. Koyarwa ɗan maki take da shi, renon wani kuwa kusan babu. Saboda haka ko dattijo mai kyakkyawar niyya, abin da zai ce wa yaronsa shi ne, “Ka rage ɓata lokaci a kan yaran nan, ka je ka yi rubutu.” Kuma ta fuskar aikin yaron, gaskiya ya faɗa masa. Daga nan ne aka samu “sa sunana in sa sunanka”, da mujallun da ake biya su buga komai. Manyan kuma albashi ya sa suna yawo tsakanin jami'o'i biyu ko uku. Yajin aikin ASUU na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, sun bar zangunan karatu a matse, kowa gudu yake yi ya gama. Matsakaitan malamai, waɗanda su ne gadar da ke tsakanin farfesa da sabon shiga, su suka fi samun hanyar ficewa waje.

Ga shi kuma nauyin yana ƙaruwa. Daga farkon 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Ke nan yawancin masu digirin digirgir na gobe a gida za a dafa su, a hannun manyan nan da ba su da lokaci. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Dama ce ta saka noman rani na Dadin Kowa, ko kiwo, ko ma'adinan yankin a cikin karatu, amma tsara kwas sana'a ce, wanda bai taɓa ganin an yi ba zai kwafo na wata jami'a ne daga intanet.

Ba na goyon bayan a kafa wata sabuwar cibiya da darakta da mota, a raba fom a ce wane ne mai renon wane. Takarda za ta cika, babu abin da zai canja. Abin da na ga yana aiki ya fi haka sauƙi. Kada a sakar wa sabon malami kwas shi kaɗai a shekararsa ta farko, a haɗa shi da babba su koyar tare, su fitar da tambaya tare, su yi makin takardu ashirin na farko a teburi ɗaya. Mai renonsa a harkar aji ya zama daban da mai duba kundinsa, don ya samu wanda zai iya ce wa “ban gane ba” ba tare da fargaba ba. Farfesan aro, a rubuta cikin yarjejeniyarsa cewa duk zuwa zai zauna a ajin ƙaramin malami ɗaya. Farfesoshin da suka yi ritaya a shekara 70, da yawansu suna nan cikin gari da ƙarfinsu, babu mai neman su sai ranar taro. Kuma abin ba ta gefe ɗaya yake gangarowa ba: yau ɗalibi na iya sa manhajar kwamfuta ta rubuta masa babi guda na kundin kammalawa cikin dare ɗaya, kuma ƙaramin malamin ne ya fi saurin ganewa, shi zai nuna wa dattijon. Amma duk wannan ba zai daɗe ba sai majalisar jami'a ta sa masa maki a takardar ƙarin girma, na mai renon da na wanda aka rena.

Aunawa ma ba ta buƙatar kuɗi. Sakamakon kowane zango yana ajiye a ofishin jarrabawa, da sunan malamin kowane kwas. Shugaban sashen da ke son ya san wane malami ne ke buƙatar a zauna da shi, sai ya ɗauko sakamakon kwas ɗin aji ɗaya, ya jera shi da na kwas ɗin aji biyu da aka gina a kansa, na shekara uku ko huɗu a jere, ya duba ɗaliban wa ke tsayawa da ƙafarsu a na biyun, ɗaliban wa kuma ke zubewa duk da A da B ɗin da suka kwaso a na farko.